Yadda za ka riƙa gyaran motarka a garejin da ke jikin gida ba tare da ka cuci mutanen gidan ba

Motar da ke cinye mini ranakun Asabar Peugeot 504 ce, gadon mahaifina, cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar PAN da ke Kakuri nan Kaduna, wadda ta fara fitar da motoci a 1975. Ni ba bakanike ba ne, aikin ofis nake yi. Tun ina yaro dai nake miƙa wa tsoho sifana in yana goge fulogi, har abin ya shiga jinina. Da muka tare a gidan da muke ciki yanzu na tarar garejin a jikin gidan yake, bango ɗaya ya raba shi da sito da kicin, ga 'yar ƙofa da ke shigar da kai ciki ba sai ka zagaya ba, sai na ce kakata ta yanke saƙa.

Ba a yi wata uku ba, ran nan uwargida ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina. "Malam, ɗan taɓa ka ji." Loma ɗaya na gane. Garin masarar da ke sito ya sha warin fetur, rabin buhu, ko kaji ba mu yarda mu zuba wa ba. Ta ce, "In gari ya sha haka, to yaran da ke kwana nan kusa fa?" Ban sami amsa ba.

Garejin da ke jikin gida ɗaki ne cikin ɗakunan gidan. Sha'awar mota taka ce kai kaɗai, amma iskar ta kowa ce, har jaririn da ke goye. Ga yadda na tsara nawa, bi da bi, kuma jerin yana da dalili: kada ka tsallake na farko ka faɗa na biyu.

Na farko: kwashe komai waje, ka zaɓi abin da zai koma

Ka sami rana guda ka fitar da motar da duk tarkacen da ke ciki zuwa tsakar gida. Za ka sha mamakin abin da garejinka ya haɗiye: jarkokin fetur na lokacin layin mai, janareto, tukunyar gas ta ajiya, firiza, buhunan hatsi, ragowar fenti, katifar baƙi. Rabin waɗannan ba za su koma ba.

Fara da fetur. Abin da ke kamawa da wuta ba ruwan ba ne, tururinsa ne, kuma fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a bazararmu da ma'auni ke taɓa 40 sama. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse. Kwanciya yake a ƙasa, ya riƙa rarrafe kamar ruwa yana neman gangare, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga kicin inda risho ke ci. In ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Bayan gobara akwai cutar ɓoye: cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma ma'aikatar lafiya ta Kanada ta gano gidajen da gareji ke manne da su sun fi sauran yawan wannan sinadari a iskar cikin ɗakuna. Saboda haka jarkar fetur wurinta ɗan akurki ne daban a ƙarshen fili, mai inuwa, mai shan iska, mai kwaɗo.

Janareto ma waje, kuma zan dawo kansa. Tukunyar gas waje, domin gas ɗin girki shi ma ƙasa yake kwanciya. Abinci kowane iri ya bar wurin: gari, shinkafa, man gyaɗa, madarar yara, duk suna zuƙar wari.

Firiza ita ce ake gardama a kai, don a gidaje da yawa ba ta da wani wurin. Matsalarta, injinta a ƙasa yake, kuma yana tashi yana mutuwa da kansa cikin dare ba mai kallo, daidai inda tururin fetur ke kwana. A Amurka dokar ginin gidaje ta ce na'urar ɗumama ruwa ko ɗaki da aka sa a gareji, a ɗaga bakin wutarta inci 18 daga ƙasa, wato kusan santimita 46. Ka ari wannan awon ka shafa wa duk abin da ke iya tartsatsi: soket, cajar batir, injin jan ruwa. In firizar ta zama dole, a gina mata dakali. Tamu dai ta koma baranda.

Na biyu: ƙofa, bango da saman silin

Nan ne aikin gaske yake, kuma nan mutane suka fi sakaci, don ba abin burgewa a ciki.

Motar na waje, garejin ba komai, ba warin mai, sai ka rufe ƙofar da ke shiga gida ka tsaya ta ɓangaren gidan da tsinken turare a kunne. Ka bi gefen ƙofar da shi a hankali, sama da ƙasa, ka kuma bi duk inda waya ko bututu ya huda bangon. Hayaƙin turaren zai nuna maka inda iska ke shigowa. In yana karkatowa wajenka, to iskar gareji ce ke kwarara cikin gida. Ka sake gwadawa an kunna fankar da ke zuƙe hayaƙin kicin, in kuna da ita. Za ka ga abin ya ƙaru, domin iskar da fankar ta fitar sai gidan ya nemo madadinta, kuma ta kafa mafi kusa zai jawo. Da dare kuma ka sa yaro ya haska tocila ta ɗaya ɓangaren. Inda haske ya ɓullo, hayaƙi zai ɓullo.

Ƙofar da magina suka saba sawa a nan ta filawud ce mai rami a ciki, wadda in ka ƙwanƙwasa take ƙara kamar ganga. Cire ta. Waccan dokar ta Amurka, inda irin wannan gini ya zama ruwan dare, ta yarda da ɗayan uku ne kawai: katako cikakke mai kaurin milimita 35, ko ƙarfe mai wannan kaurin, ko ƙofar da aka gwada tana jure wuta minti 20. Ta kuma haramta ƙofar gareji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana. In taka haka take, kada ka tsaya neman dabara, kira magini ya toshe ta da bulo, ka riƙa zagayawa. Ni ƙofar ƙarfe mai falle biyu mai walda ya yi mini. Na bi gefenta da robar ƙofar mota da na tsinto a kasuwar Panteka, ƙasanta kuma na ɗaure yankin tsohon tiyub yana sharar daɓe. A sama na sa hannun nan mai mayar da ƙofa da kansa, irin na ofisoshi, domin yaro ba ya rufe ƙofa, babba mai hannu duk giris ma ba ya rufewa. Sakata ta ɓangaren gida, can sama inda hannun yara bai kai ba.

Yanzu ɗauko tsani ka ɗaga murfin silin ka leƙa. A yawancin gidajenmu bangon cikin gida iyakarsa silin. Daga nan zuwa kwano fili ne guda, tun daga gareji har ɗakin Hajiya. Kana can kana toshe ƙasan ƙofa, hayaƙi na bi ta sama. In gobara ce kuwa, nan ne titinta, ga busasshen katakon rufi. Ka sa a ɗaga bangon da bulo har ya taɓa kwano, a cike kafofin da siminti. In silin ɗin garejin na roba ne, canza shi, domin narkewa yake yana ɗiga da wuta. Na filasta, wanda ake ce wa POP, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ragowar ƙananan ramuka, na bututun na'urar sanyaya ɗaki da na wayoyi, siminti ko silikon ya ishe su. Taga tsakanin gareji da kicin ko banɗaki, a toshe. In gidan haya ne, ka zauna da mai gidan kafin ka taɓa bulo ɗaya.

Na uku: buɗe wa garejin hanci

Ka toshe ɓangaren gida, sai ka buɗe ɓangaren waje. Kafa biyu ake so a bangon da ke kallon fili: ɗaya dab da ƙasa don tururi mai nauyi ya sami mafita, ɗaya can sama kusa da silin don zafi da iska marar nauyi. Bulo uku-uku mai huji ya isa, da raga a baya saboda ɓera da maciji. A ta saman na sa fanka mai tura iska waje. Amfaninta ba fitar da wari kaɗai ba ne. Tana juya jan iskar, ta sa gareji ya riƙa zuƙa daga gida maimakon gida ya zuƙa daga gareji. Sai dai ka duba inda take hurawa, kada ka sauke wa tagar maƙwabci abin da ka ƙi wa kanka.

Da hunturu za ka ji kamar ka toshe duka saboda ƙura. Kada ka yi. Kafireton da ka kwance shi za ka lulluɓe da leda ko tsohon zani, ba ɗakin ba.

Na huɗu: ba a tada inji a ciki

Fetur ko banza yana da wari, yana yi maka gargaɗi. Abin da ke kisa a hayaƙin salansa, iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai mutum ya riƙa shaƙa amma jikinsa na shaƙewa. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sak kamar zazzaɓin cizon sauro, illa dai jiki ba zafi. Shi ya sa ake shan maganin ciwon kai a koma a kwanta a ɗakin da ke kisan. Duk mun sha jin labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar ba rai, aka yi ta zargin guba a abinci ko sammu, daga baya aka gano janareto ne ya kwana yana aiki a lungu.

Wani zai ce ai ina wangale babbar ƙofa. Masu bincike a jami'ar jihar Ayowa ta Amurka sun gwada wannan: ɗumama mota minti 2 kacal, babbar ƙofa a buɗe, ya kai wannan iska kashi 500 cikin miliyan a garejin, kuma awa 10 bayan fitar motar ma'auni na nuna saura. Kashi 400 cikin miliyan kawai yana iya kai mutum lahira in ya daɗe cikinsa 'yan awoyi. Kana fita ka rufe ƙofa, ka kulle hayaƙin a ciki, ya yini yana tsiyaya cikin gida.

Tsohuwar mota irin tawa mai kafireto ba ta da abin tace hayaƙi ko kaɗan. Ta zamani tana da shi a cikin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, amma sau da yawa an riga an fasa an sayar da shi saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Ko yana nan, ba ya aiki sai ya yi zafi sosai, wato ba ya amfana komai a mintocin farko, waɗanda su ne kake cikin gareji.

Don haka ga dokata. In aiki ya kai ga tada inji, saita kafireto ne ko tayamin ko sauraron wata ƙara, na saki hambirki na tura motar waje. Da safe in zan fita, na buɗe ƙofa tukun, na tayar, na fice nan take. Ɗumamawa a tsakar gida. Kullum da kai nake shiga, salansa na kallon waje. In na dawo daga tafiya kuma ina barinta ta huce rabin awa a fili kafin na shigar, domin kafireto mai zafi yana ci gaba da fitar da tururin fetur bayan an kashe. In motar na ɗage ba ta turuwa kuma dole a tayar, na zura bututun ƙarfe mai lanƙwasa a bakin salansa ya fita har waje, ba tiyon roba ba don narkewa zai yi, ƙofar gida a rufe, fanka na aiki, minti biyu na kashe. Masu motar da ake tayarwa da maɓalli su ƙara kula: a Amurka an rasa rayuka saboda mutum ya fita da makulli a aljihu yana zaton ta mutu, alhali tana aiki shiru.

Janareto ba ya aiki a gareji ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a nisanta shi ƙafa 20, kimanin mita 6, daga ƙofa da taga. Gina masa rumfarsa.

Sai ka sayi ƙararrawar da ke jin wannan iska, mai batir, tunda wutarmu ba ta da tabbas. Daban take da mai jin hayaƙin gobara, ka karanta kwalin. A lungun ɗakunan kwana ake maƙala ta, ba cikin gareji ba inda za ta yi ta ihu har ka gaji ka cire batirin. Tana tsufa cikin shekara 5 zuwa 10, ranar na rubuce a bayanta. In ta yi ƙara, ko ka ga mutanen gida sun kamu da ciwon kai lokaci ɗaya suna kuma warwarewa in sun fita, fitar da kowa waje, a wuce asibiti, a gaya wa likita ana zargin hayaƙin inji ne.

Na biyar: daɓe, baƙin mai da robobi

Siminti yana shan mai kamar soso, in ya sha kuma ya riƙa mayar da warin shekara da shekaru. Tun garejin na wofi ka wanke daɓen da omo da burushin ƙarfe, ya bushe sarai, a shafa fentin daɓe. Ƙarƙashin inji ka ajiye faffaɗan farantin ƙarfe. 504 da ba ta ɗiga ai ba mai a cikinta. Bokitin yashi a kusa, in abu ya zube ka rufe, ka share, ka fitar. Ka duba kuma gangaren daɓen waje yake kallo, kuma bakin ƙofar gida ya ɗan fi shi tudu.

Baƙin man da ka juye, zuba shi a jarka mai murfi. Masu buga bulo da kafintocin rufi suna nemansa, sai dai ka ga sun zo da kansu. Kada ya shiga kwata, kada ya kusanci rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta man juyi ɗaya na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne robar lemo. Dukanmu mun saba zuba ragowar man birki ko kananzir a robar ruwa. Ruwan lagireto na kanti ja ne ko kore, ga shi da zaƙi a baki, jan kuwa ba ka raba shi da zoɓo, alhali guba ne mai kashe ƙoda. Komai ya zauna a mazubinsa na asali, cikin kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo. In tsautsayi ya sa yaro ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Aman ne ke kai man cikin huhu. Asibiti kai tsaye, da robar a hannu.

Wanke kayan inji da fetur a kwano al'adar gareji ce, amma su a fili suke yi. Kai yi da dizal, a waje. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuma, bar wa masu ƙarar kwana. Famfon hannu ba shi da tsada.

Na shida: shiga ƙarƙashin mota

Jek na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Robar cikinsa ɗaya ce tsakaninka da kilo 1,200. Bulo kuma, da ake gani a bakin titi an jera ƙarƙashin mota, ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, rugujewa yake lokaci guda. Ka sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu ko huɗu, masu faɗin gindi, waɗanda aka rubuta nauyin da suke ɗauka.

Tsarin shi ne: mota a daɓe madaidaici, giya a ciki, hambirki a ja, katako gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Ka tuna hambirki tayoyin baya kaɗai yake riƙewa a yawancin motoci, in ka ɗaga baya to babu shi. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Ɗaga, sa ƙafafun a inda ƙarfen ke da ƙarfi, ba inda tsatsa ta ci ba, sauke nauyin a kansu a hankali. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Sannan ka dafa motar ka girgiza ta da ƙarfinka. In za ta faɗi, ta faɗi yanzu.

Nan ne zama jikin gida ya yi rana. Kafin na shiga nakan leƙa na ce wa uwargida, "Zan shiga ƙarƙashi, in kin ji shiru ya yi yawa ki leƙo." Waya na aljihu, ba kan benci ba. Rami irin na garejin kasuwa kuwa ban ba ka shawara ba: tururin fetur ya taru a ciki, ruwan damina ya taru, yaro ya faɗa.

In ka buɗe birkin tsohuwar mota, kada ka hure ƙurar da baki ko da iskar kwamfaresa. Tsofaffin birki da kuloci sukan ƙunshi asbesto, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu. Jiƙa tsumma ka goge, ka ƙulle shi a leda.

Na bakwai: batir, tartsatsi da gobara

Kafin ka taɓa waya ko bututun mai, cire kan batir na ragi, mai baƙar waya, shi ne farkon cirewa kuma ƙarshen mayarwa. Cire zoben azurfarka da agogo. Zobe in ya haɗa wuta yana yin ja a yatsa kafin ka ce wayyo. Hannun kaftani da fanbel ba sa ga maciji, sa riga matsattsiya. Batir in yana caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke tashi sama kuma take fashewa in ta kai kashi 4 cikin 100, shi ya sa kafar sama take da amfani. Ba na barin caja ta kwana. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa na cinye shi. Ruwan batir in ya faɗa ido, ruwa zalla, minti 15 ba tsayawa, sai asibiti.

Garanda da walda a waje, nesa da mota da jarka. Ƙa'idar masu walda a Amurka ƙafa 35 ce, kusan mita 11, tsakanin tartsatsi da abin da ke kamawa; garejinka gaba ɗaya bai kai haka ba. In ka gama kada ka tafi nan da nan, zauna rabin awa ko fiye, domin tartsatsi kan laɓe cikin tsumma ya yi ta cin ciki. Sigari, maganin sauro na kunnawa, kaskon turaren uwargida, duk iyakarsu bakin ƙofa.

Abin kashe gobara mai hoda, kilo 6, ka rataye shi bakin ƙofa ta ɓangaren gida, ba can ƙurya bayan mota ba inda sai ka ratsa wuta. Allurarsa ta tsaya a kore, lokaci-lokaci ka kifa shi don hodar kada ta dunƙule. Bai fi daƙiƙa 20 yana fesawa ba, don haka gindin wutar za ka nufa. Ka koya wa uwargida da babban yaro cire fil ɗin. Ruwa a kan wutar fetur yaɗa ta yake. In wuta ta tashi cikin bonet kada ka wangale shi, ɗan ɗaga ka fesa ta kafar. In ta fi ƙarfinka, rufe ƙofar ƙarfen nan, kwashe iyali, kira 112 da 'yan kwana-kwana.

Abin da ba na gida ba ne

Feshin fenti, sauke tankin mai, walda kusa da tanki, matse sifirin, taɓa jakar iskar sitiyari, da wayoyin nan masu ruwan lemo na motar da ke haɗa fetur da lantarki. Haka tukunyar gas ɗin mota, wato CNG, da ta yawaita tun bayan cire tallafin mai a 2023. Waɗannan kai wa masu su. Ni nawa juyin mai ne, fulogi, birki, fanbel, kafireto da ƙananan wayoyi, kuma sun ishe ni.

Na ƙarshe: mutanen gida da maƙwabta

Bangon bulo yana kai ƙarar guduma har gadon mai barci. Mun yi yarjejeniya: daga hantsi zuwa azahar, sai bayan la'asar zuwa magariba. Ba bugu da sassafe, ba bugu bayan isha'i, ba ranar da aka yi baƙi ko wani ba lafiya. Bencin aiki na matsar da shi daga bangon gida zuwa na waje, na shimfiɗa tsohuwar taya ƙarƙashin kwamfaresa. Dattijon da muke katanga ɗaya na je na same shi tun farko. "Baba, in ƙarata ta dame ku, a aiko yaro kawai." Sau ɗaya ya taɓa aikowa, shi ma aron jek ne.

Wannan ma ka shirya masa. Da an ga kana da kayan aiki ka zama bakaniken unguwa, sifana 10 da 13 kuma ba sa dawowa da ƙafarsu. Na buga allo a bango na zana siffar kowane ƙarfe a mazauninsa, da kallo ɗaya na san wanda ya yi tafiya. Motar wani ba ta kwana a garejina, birkin wani ba na taɓawa.

Takalmin aiki da rigar aiki a gareji suke zama, a ƙusa, kuma ni nake wanke su a bokitinsu daban, ba sa haɗuwa da kayan makarantar yara. Hannu ba a wanke shi da fetur. Ka murza man gyaɗa kaɗan ya narkar da giris, ka goge da tsumma, sai sabulu da ɗan yashi mai laushi. Ka fara wannan minti goma kafin kiran salla, don giris mai kauri yana hana ruwan alwala taɓa fata, ga shi ƙarƙashin farce ba ya fita da gaggawa.

In zan tashi, tsummokaran da suka sha mai na zuba su a gwangwanin ƙarfe mai murfi na fitar waje. Na zare caja da duk wata waya daga soket, na kulle kabad, na durƙusa na shinshina ƙasa-ƙasa kusa da tanki da kafireto, tunda a tsaye hanci ba ya jin abin da ke kwance. In na ji fetur, motar a tsakar gida za ta kwana har na gano inda yake yoyo. In ban ji ba, na bar fanka ta ƙara minti 15, na ja ƙofar ƙarfe, na sa sakatar sama.